Kafin ka sayi sifika ko iyafis a Alaba, fara sanin inda kunnenka ya tsaya

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Alaba ko Computer Village a Legas neman sifika ko iyafis ya san yadda cinikin yake tafiya. Mai shago zai juyo maka bayan kwali ya ɗora yatsa kan wasu lambobi, wannan 20Hz zuwa 20kHz, wancan kuma har 40kHz, sai yace oga kaga ai na biyun ya ninka na farko shi yasa kuɗinsa ya fi, kai kuma da yake baka so a ga kamar baka gane ba sai ka gyaɗa kai ka fara laluben aljihu. Toh tsaya tukuna. Da yawanmu da muka haura shekara 30 ko 16kHz ɗin ma da ƙyar muke ji, kuma babu kunnen ɗan Adam da yake kamo 40 ɗin daga sifika, yaro ne ko babba. Don haka aikin farko ba a kasuwa yake ba, a gida yake, da wayarka da kunnenka.

Abu biyu da ake yawan cakuɗawa

Ƙarfin sauti daban, sirantakarsa daban. Ƙarfi shine wanda kake ƙarawa ko ragewa da maɓallin gefen waya, ana auna shi da desibel, wanda ake rubutawa dB. Sirantaka ko kauri kuma ya danganta da sau nawa iska take girgiza a daƙiƙa ɗaya, shine Hz ɗinnan, in ya kai dubu sai a rubuta kHz. Rugugin tirela a hanyar Apapa wanda kake ji har a ƙirji yana can ƙasa, ƙasa da 100Hz. Kukan sauro a kunne ɗaruruwan Hz ne kawai duk da kana jin kamar siriri ne sosai. Maganar mutum kusan duk tana tsakanin 100 zuwa 8,000. Layin tarho na da 300 zuwa 3,400 kawai yake ɗauka amma kana gane muryar mahaifiyarka daga Kano ba tare da ta faɗi sunanta ba. Rediyon FM yana tsayawa a wajen 15,000, kuma ban taɓa jin wanda yace sautin FM ya yi masa kaɗan ba in tashar ta kama da kyau.

Wancan 20 zuwa 20,000 da ake ta maimaitawa iyakar kunnen yaro ne mai lafiya, ba alƙawari bane ga kowa. A can cikin kunne akwai wani ɗan bututu a naɗe kamar dodon koɗi, cikinsa ɗauke da dubban ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, kowane sashe da irin sautin da yake amsawa. Masu amsa siririn sauti sune a bakin shiga, kuma su suke fara mutuwa, kamar dai tabarmar bakin ƙofar masallaci da take riga ta sahun gaba cinyewa. Matsalar ita ce in sun mutu basa sake fitowa, babu magani babu tofi na mayar da su. Shekaru suna cinye su a hankali, hayaniya kuma tana gaggauta abin.

Waɗanda suka taso da tsohuwar talabijin mai ƙeya zasu tuna wani siririn fito da take yi ko an kashe murya, kana tsakar gida ka san an kunna ta a ɗaki, babanka kuma yace shi bai ji komai ba. Ba ƙarya yake ba. Wannan fiton 15,625Hz ne a irin tsarin talabijin da muke amfani da shi a Najeriya. A Birtaniya ma a 2005 wani mutum Howard Stapleton ya ƙera na'ura mai suna Mosquito da take fitar da sauti wajen 17,400Hz don korar samari masu zaman bakin shaguna, manya suna wucewa abinsu basa ji, daga baya 'yan makaranta suka mayar da irin sautin ƙarar kiran waya don malami bazai ji ba. Kare yana jin sama da 40,000, kyanwa ta fi shi, jemage kuma yana haura 100,000. Kaga in ka sayi mai 40kHz kusan karen maƙwabta ka yi wa hidima.

Mataki na farko: gwada kunnenka

Sauke manhajar da take fitar da sauti zalla a lambar da ka zaɓa, suna nan kyauta da yawa a Play Store, ka rubuta tone generator zaka gani. Kada ka dogara da bidiyoyin gwajin kunne na YouTube ko wanda aka turo maka a WhatsApp, saboda an riga an matse sautinsu kuma sau da yawa saman ne ake fara yankewa, sai ka ɗauka kunnenka ne ya gaza alhali babu komai a wurin.

Nemi lokacin shiru, wanda a Legas shi kansa aiki ne. Bayan sallar asuba kafin motocin haya na danfo su fara ihu, ko daren da aka kawo wuta janaretocin unguwa suka huta, ka kashe fanka. Yi amfani da iyafis mai waya in kana da shi, ya fi na Bluetooth a wannan gwajin.

Saita manhajar a 1,000Hz, ka rage murya har ta zama kamar wani na maka magana a hankali kusa da kai. Daga nan kada ka sake taɓa maɓallin murya. Wannan shine wurin da mutane suke ɓata gwajin, suna kaiwa 16,000 suka ji shiru sai su ƙure murya, toh sautin fa yana nan yana dukan kunnenka ko baka ji ba, kuma in a sifika kake yi zaka iya ƙona ƙaramin bakin da yake fitar da siririn sauti, wanda masu gyara suke kira tuwita. Ban da haka in ka ƙure, iyafis mai araha yakan fara fitar da wani kuka na daban a ƙasa, sai ka ji shi ka ɗauka 18,000 ɗin kake ji.

Sai ka hau a hankali, 8,000, 10,000, 12,000, 14,000, daga nan kuma ɗari biyar-biyar har inda ya ɓace. Yi kunnen dama shi kaɗai, sannan hagu shi kaɗai, ka rubuta lambobin biyu.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi daɗi, kuma shine na gaskiya. Miƙa wa wani wayar, ƙaninka ko uwargida, ka juya musu baya, su riƙa kunnawa da kashewa ba tare da sun faɗa maka ba, kai kuma ka ɗaga hannu in kana ji ka sauke in ya tsaya. Zuciya tana da wayo, in kai ka danna da kanka zata ce maka ka ji. Kuma ka lura kada ƙaramin ƙas ɗin da yake fita lokacin kunnawa ya ruɗe ka, sautin da yake ci gaba shi ake nema. In akwai yara a gidan ka kira su, zaka ga abin dariya, kai kana cewa ai wayar ta mutu, 'yar shekara takwas ta toshe kunne tana cewa Baba don Allah ka kashe.

A kimance, 'yan ƙasa da shekara 20 sukan kai 17,000 zuwa 19,000, masu talatin da wani abu wajen 15,000 zuwa 16,000, wanda ya kai 50 sau da yawa wajen 12,000 yake tsayawa, dattawa kuma ƙasa da haka. Akwai bambanci sosai tsakanin mutum da mutum, kuma iyafis ɗin kansa yana iya gazawa kafin kunnenka, don haka in ka samu dama ka maimaita da wani. In ka tsaya a 13,000 kada hankalinka ya tashi. Kunne ba a miƙe yake lissafi ba, ninki-ninki yake yi, tazarar 100 zuwa 200 a wajensa daidai take da tazarar 10,000 zuwa 20,000. Daga 20 zuwa 20,000 ninki wajen goma ne, kenan wanda ya tsaya a 10,000 ma hawa ɗaya cikin goma ya rasa, kuma hawan da babu kalma ko ɗaya a cikinsa, sai ɗan walƙiyar ƙarafan kiɗa. Maɓalli mafi siriri a fiyano 4,186Hz ne. Abin da ya kamata ya dame ka shine in kunne ɗaya ya yi nisa da ɗayan, zan dawo kan wannan a ƙasa.

Mataki na biyu: duba abin da kake kunnawa

Sifika bata ƙirƙirar abin da babu a cikin fayil. Lokacin da Sony da Philips suka fito da faifan CD a 1982 sun tsayar da cewa za a riƙa ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 a daƙiƙa, kuma ƙa'idar lissafin ita ce rabin wannan lambar shine mafi siririn sautin da fayil zai iya riƙewa, wato 22,050Hz. Da gangan aka zaɓi abin da ya haura iyakar kunne. Na bidiyo 48,000 ake amfani da shi. Waɗanda ake tallatawa da sunan Hi-Res masu 96,000 ko 192,000 suna riƙe har 48kHz da 96kHz, duk sama da inda kake.

An gwada wannan magana ba sau ɗaya ba. A 2007 Brad Meyer da David Moran a Amurka sun buga sakamakon gwajin da suka yi wa masu sauraro tsakanin sautin Hi-Res da mai ingancin CD ba tare da sun san wanne ake kunna musu ba, dacewarsu ta tsaya kusan rabi da rabi, daidai da wanda yake canka. A 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary a Landan ya tattara gwaje-gwaje da dama ya ga akwai ɗan bambanci ƙanƙani da ake iya kamawa, musamman ga waɗanda aka horar. Ni abin da na ɗauka daga ciki, bambancin da sai an horar da mutum a ɗaki mai shiru sannan ya kama shi da ƙyar, ba zai tsira a cikin bas ɗin BRT tsakanin Ikorodu da TBS ba.

Ga kuma lissafin data. MP3 mai 128kbps, wato yawan datar da yake ɗauka a daƙiƙa, wajen 1MB yake ci a minti, mai 320 wajen 2.4MB, ingancin CD da ba a matse ba wajen 10MB, shi kuma na Hi-Res mai 24-bit da samfuri 192,000 a daƙiƙa, wanda ake rubutawa 192kHz, kusan 69MB a minti ɗaya tal. Kai ka san nawa kake sayen data.

Inda ainihin ɓarnar take a wajenmu ba nan bane, a fayilolin da aka yi ta matsewa take. Waƙa ko karatun da aka ɗauko daga bidiyo, aka tura ta WhatsApp, wani ya sake juya ta, mai tura waƙoƙi a rumfar caji ya zuba maka a memori, kowane zagaye sai an ɗan yanke wani abu kuma an ƙara wani shuu-shuu a bakin harafin s da sh. Don ka gane, sa fayil ɗin a kwamfuta ka buɗe da Spek ko Audacity, duk kyauta ne, zasu zana maka hoton sautin. In ka ga an yanke saman a miƙe ɗoɗar wajen 16kHz kamar da reza, toh galibi asalinsa MP3 mai 128 ne, ko da kuwa an rubuta 320 ko FLAC, wato irin fayil ɗin da ba a yanke masa komai ba, a jikinsa. Juya ƙaramin fayil ya koma babba baya dawo da abin da ya tafi, wuri kawai zai ci maka. Nemi na asali daga inda mai shi ya ɗora, in ka samu 256 ko 320 na gaskiya ya ishi kusan kowane kunne.

Bluetooth kuma ko me ka kunna sai ya sake matse shi kafin ya aika. Tsarin matsewar da kowace na'ura take da shi SBC ne, iPhone tana amfani da AAC, LDAC na Sony yana kaiwa 990kbps amma sai wayar da iyafis ɗin duk suna da shi. Kenan mai fayil ɗin 192kHz da iyafis ɗin Bluetooth na gama-gari bai ma taɓa jin fayil ɗinsa yadda yake ba.

Mataki na uku: karanta kwali kamar mai wayo

In ka ga 20Hz zuwa 20kHz tsirara babu komai a gefensa, bai faɗa maka komai ba. Ko ƙaramar rediyo zata iya motsi a 20kHz, tambayar ita ce da wane ƙarfi. Kamfanin da yake da gaskiya zai ƙara ±3dB a gefe, ma'ana a duk tsawon wannan zangon sautin bai hau ko ya sauka fiye da desibel uku ba. Sifika mai 55Hz zuwa 18kHz ±3dB ta fi mai 20 zuwa 40kHz da babu sharaɗi, nesa ba kusa ba. Tambarin Hi-Res Audio mai ruwan zinare da baƙi kuwa na ƙungiyar masu kayan sauti ta Japan ne, ɗaya daga sharuɗɗansa shine na'urar ta kai 40kHz. Zai iya kasancewa a jikin kaya mai kyau, amma ba shi ne ya sa kayan ya yi kyau ba, kuma buga tambari a kwali ba wuya bane ga masu jabu.

Sai maganar wat. Duk inda ka ga PMPO, wato lambar ƙarfi ta talla, da wasu dubbai a jikin akwatin da zaka iya ɗauka da hannu ɗaya, ka share. RMS zaka nema, shine ƙarfin da na'urar take iya riƙewa a kai a kai. Kuma ka sani ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninka sai an ƙara wajen desibel 10, wato wat ninki goma. Mai 100 da mai 120 kusan abu ɗaya ne.

Mataki na huɗu: gwaji a shago

Tafi da naka sautin a waya, kada ka yarda da waƙar mai shago, ya san wadda take ɓoye aibin kayansa, yawanci mai dukan bes ce, wato sauti mai kauri, da zata girgiza kanta. Ka tanadi abu uku da ka sani sosai: karatun Alƙur'ani na makarancin da ka saba da muryarsa, wani yana magana zalla kamar labaran rediyo, da kiɗa mai kalangu ko gurmi ko wani abu mai kaifi.

Fara da maganar, a murya matsakaiciya. Kunne ya fi kaifi tsakanin 2,000 zuwa 5,000Hz, tun 1933 Fletcher da Munson suka auna wannan a Amurka, kuma a nan zuwa wajen 8,000 ne haruffa irin su s, sh, ts da f suke rabuwa da juna. Saurari ko kana bambance sin da sad da shin a karatun ba tare da ka matsa kusa ba. In s tana tsaga kunne kamar ana zuba ruwa a mai mai zafi, an cusa saman da yawa don ya burge a minti biyun farko, bayan rabin awa kanka zai fara ciwo. In kuma muryar kamar daga cikin bargo take fitowa, tsakiyar ta nutse. Duk biyun ka ajiye.

Sannan ka kai kunne kusa da tuwita da murya a ƙasa, ko ka rufe ta da tafin hannu ka ji ko sautin ya canza. Akwai akwatuna masu araha da tuwitar jikinsu ado ce kawai, roba ce aka manna babu waya a bayanta. Sai ka ƙara murya zuwa inda zaka riƙa amfani da ita a gida, ka ji ko ta fara kakkarwa ko ƙara-ƙara. Daga nan ka taka gefe, hagu da dama, ka ji ko muryar tana nan ko sai wanda yake tsaye saitin ta ne kawai yake morewa. In zaka gwada biyu ka daidaita ƙarfinsu tukuna, don kunne kullum wanda ya fi ƙara yake zaɓa ko da shine mafi muni, kuma masu shago sun fi ka sanin haka.

Na iyafis, robar bakin ta fi duk lambobin kwali muhimmanci. In bata toshe ramin kunnenka daidai ba bes zai zube, hayaniyar titi ta shigo. Gwada duk girma ukun da suke zuwa a kwalin.

Mataki na biyar: ajiyewa da saiti

Siririn sauti a miƙe yake tafiya. Tsawon zangon igiyarsa a 17,000Hz wajen santimita 2 ne, labule ko kujera ko kan mutum ya isa ya tare shi, shi kuwa 50Hz kusan mita 7 ne, shi yasa bes ɗin bikin layi na uku yake shigo maka ɗaki amma baka jin me mawaƙin yake cewa. Don haka tuwita ta kasance daidai tsayin kunne in kana zaune, tana kallonka, ba a ƙasan tebur ko saman wadrob tana kallon silin ba. Wannan kaɗai kyauta ya fi ƙarin kuɗin 40kHz amfani.

A ikwalaiza mai layi goma, wato wurin da ake ɗaga ko rage kowane zangon sauti, zaka ga na ƙarshe an rubuta 16k. In gwajinka ya nuna a 13,000 ka tsaya, cire hannunka daga kansa. Wannan ciwon masu kiɗan biki ne da suka daɗe a sana'a, kunnensu ya riga ya ci wuta, sai su ji sautin ya dushe su tura 8k da 16k sama, su suna jin daidai, yara da 'yan mata a wurin kuma kamar ana soka musu allura, tuwita ma tana ƙonewa a banza. In kai ne mai saitin kuma ka manyanta, kira matashi ya tsaya tsakiyar fili ya faɗa maka gaskiya. Kuma ragewa ta fi ƙarawa, in murya bata fita, rage 125 da 250 kaɗan kafin ka ce zaka ɗaga sama.

Masallatanmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 nan ne na fi ganin kuɗi yana tafiya inda bai kamata ba. Kwamiti zai tara kuɗi a sayo manyan akwatuna na kiɗa, a jera biyu a gaba a ƙure su, sahun farko kunne na zafi, na baya kuma amsa-kuwwa kawai suke ji saboda tayil da siminti. Alhaji, murya ake so a ji ba ganga ba. Ƙananan sifiku da yawa a rarrabe a bango, kowace da murya ƙasa-ƙasa, sun fi manya biyu. A yanke abin da yake ƙasa da 100Hz a layin makirfo, yawancin mikisa tana da ɗan maɓallin yin hakan, a rage eko ɗin da ake ƙurewa har ayar farko tana hawa kan ta biyu, kuma makirfo ya kasance a bayan sifika ba a gabanta ba, shine maganin fiton nan da yake tashi ana tsakiyar huɗuba. Lasifikar kan hasumiya ta kiran sallah kuwa dama don zangon murya aka yi ta, bata zuwa ko kusa da 20kHz kuma bata buƙata, iska ma tana shanye siririn sauti kafin ya yi nisa. A daidaita ta yadda maƙwabta zasu iya zama da mu, kun san LASEPA, hukumar kare muhalli ta Legas, tana rufe wuraren ibada kan hayaniya a wannan jihar.

Masu ɗaukar wa'azi ko bidiyon TikTok, saitin ɗauka na 48kHz, wato samfuri 48,000 a daƙiƙa, da 24-bit ya wadatar, 24-bit ɗin ma amfaninsa shine ya baka sarari kada sauti ya fashe in malam ya ɗaga murya. Masu situdiyo da suke jan sauti suna rage masa gudu suna da dalilin hawa 96kHz, kai kuma kuɗin ka sa shi a makirfo mai kyau ka matso da shi kusa da baki, ka rufe taga.

Mataki na shida: riƙe abin da ya rage

Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata a Amurka suke bi shine 85dB na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 lokacin yana rabewa biyu, 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, in ya kai 100 minti 15 ne kacal. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce ga mai sauraro da iyafis 80dB na awa 40 a mako, yara 75, kuma ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗari saboda yadda suke sauraro. Gaban sifikar biki yana haura 100 cikin sauƙi. Ma'aunin da baya buƙatar na'ura: in sai ka ɗaga murya kafin wanda yake nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, wurin ya kai inda yake cin kunne.

A cikin danfo ko kan okada ne ake yin ɓarnar da ba a sani ba, inji na ruri kwandasta na ihu sai ka ƙure waya don ka rinjaye su, awa biyu a go-sulo safe da yamma. Iyafis mai toshe kunne da kyau ko mai kashe hayaniyar waje zai sa ka saurara a ƙasa, in za a ƙara kuɗi a kan wani abu toh a kan wannan ya dace. Wayoyi da yawa suna da wurin saka iyakar murya a saitin sauti, ka kunna shi, kuma gargaɗin nan da yake fitowa in ka haura kada ka riƙa danna masa eh ido rufe. 'Yan'uwa masu injin markaɗe da niƙa, masu walda da yankan ƙarfe, da wanda shagonsa yake jingine da janareta, ku nemi robar toshe kunne ta soso a wajen masu kayan aikin gini, a murza ta ta sirance, a ja kunnen sama da ɗayan hannun a tura, a riƙe ta kumbura. Auduga ba ta yin wannan aikin. Janareta kuma a nisanta shi da ɗaki, dama hayaƙinsa ma kisa yake.

Wasu magunguna suna taɓa kunne, allurar gentamicin da streptomycin, da kwinin, da asfirin in an sha da yawa. Ba cewa nake ka ƙi maganin da likita ya rubuta ba, amma kada ka je kemis a yi ta danna maka allura ba takarda, kuma in kunne ya fara ƙugi kana kan magani ka koma ka faɗa. Tsinken ashana da gashin kaza da murfin biro kuma a bar su, tura dattin suke ciki, wani lokacin ma dattin da ya toshe ne yake sa mutum ya faɗi gwajin da muka yi a sama.

Gwajin waya ba asibiti bane. Akwai manhajar hearWHO ta Hukumar Lafiya ta Duniya da take karanto lambobi cikin hayaniya, da Turanci ne amma lambobi ne kawai, zata ɗan nuna maka hanya. Ka nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro in kunne ɗaya ya fi ɗayan rauni a fili, ko ƙugin da baya tsayawa, ko kana jin ana magana amma kalmomin basa rabuwa musamman a taro, ko iyali sun fara ƙorafin ƙarar talabijin ɗinka. Asibitin koyarwa na LUTH yana nan Idi-Araba, na LASUTH yana Ikeja, duk suna da sashen. In kuwa ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, wannan na gaggawa ne, a ranar ko washegari, don maganinsa a kwanakin farko yake aiki. Gwajin da zasu yi maka daga 250 zuwa 8,000Hz yake, zangon magana kenan, in ka ga layin ya lotsa a wajen 4,000 alamar hayaniya ce ta yi aikin. Ka karɓi takardar sakamakon ka ɗauki hotonta a waya, don da ita za a gwada in ka koma bayan shekara ɗaya ko biyu.